Barin X zuwa Mastodon ko Bluesky: kurakuran da ke sa mutane komawa inda suka fito

Ranar 27 ga Oktoban 2022 Elon Musk ya kammala sayen Twitter a kan dala biliyan 44. Ba a yi shekara ba aka sallami ma'aikata masu ɗimbin yawa, shuɗiyar alamar tantancewa ta koma ta wanda ya biya, aka datse manhajoji irin su Tweetbot da Twitterrific da mutane suka daɗe suna shiga dandalin da su, sannan a Yulin 2023 sunan ma aka mayar da shi X. A Disambar 2022 har an taɓa hana tallata shafukan Mastodon a dandalin, kafin a janye dokar da surutu ya yi yawa. Duk wannan ba a nemi shawarar masu amfani da wurin ba.

In ka tambayi waɗanda suka tattara nasu ya nasu suka tafi, kowa da nasa dalilin. Wani zagi da cin mutunci ne suka ishe shi, wani talla, wani kuma bai yarda a riƙa horar da ƙirƙirarriyar basira da rubutunsa ba. Amma in ka bi diddigi, maganar ɗaya ce: ka shekara da shekaru kana tara mabiya, alhali makullin yana aljihun wani. Masu amfani da dandalin tattaunawa na Reddit sun ɗanɗani haka a Yunin 2023, lokacin da kamfanin ya sa kuɗi mai tsada a kan manhajojin waje, wasu suka koma wani dandali makamancinsa mai suna Lemmy. Mutanen Barazil ma sun gani a ƙarshen Agustan 2024, da Kotun Ƙolin ƙasar ta sa aka rufe X, miliyoyi suka kwarara Bluesky cikin 'yan kwanaki.

Dalilin tafiyar yana da ƙarfi. Yadda ake yin tafiyar ne ake tafka kuskure, shi ya sa za ka ga mutum ya yi sallama da hayaniya, bayan mako uku ya dawo sumui-sumui yana cewa "can ɗin ba kowa".

Kuskuren farko, kuma a ganina mafi girma, shi ne ɗauka cewa duk sabon dandali 'yanci ne. Dandalin Koo, wanda aka kafa a Indiya a 2020, ya samu jama'a sosai daga masu fushi da Twitter. A Yulin 2024 ya rufe, ya tafi da shafukan mutane da mabiyansu, domin shi ma kamfani ɗaya ne ke riƙe da komai. Gudun gara ke nan aka faɗa gidan zago. Threads kuma, wanda ya tara mutum miliyan 100 cikin kwana biyar a Yulin 2023, na Meta ne, masu Facebook da Instagram. An buɗe masa wata ƙofa ta haɗuwa da Mastodon tun 2024, amma sai ka kunna ta da kanka, kuma ikon shafinka yana nan a hannun Meta. Kafin ka buɗe shafi a ko'ina, ka yi tambaya ɗaya: in mai wurin ya kore ni gobe, ko ya rufe, zan iya tafiya da mabiyana wani wuri?

A Mastodon, wanda Eugen Rochko ya fara a Jamus a 2016, amsar ita ce eh, da sharaɗi. Tsarin kamar na imel yake. Mai adireshin Gmail yana aika wa mai Yahoo saƙo ba tare da ya buɗe Yahoo ba. Haka a nan akwai dubban sabar, wato kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan mutane, kowace da masu ita da dokokinta, suna magana da juna ta wata ƙa'ida da ake kira ActivityPub. Shi ya sa sunanka yake zuwa kashi biyu, naka da na sabar da kake. Da shafi ɗaya za ka iya bin mai sanya hotuna a Pixelfed ko mai bidiyo a PeerTube, kuma wannan taron gaba ɗaya shi ake kira Fediverse. Bluesky kuwa wata ƙa'ida ce daban yake bi, AT Protocol. An tsara ta yadda za ka iya ɗauke shafinka ka kai wata sabar, amma a zahiri mafi yawan mutane suna kan sabar kamfanin, da manhajar kamfanin. Da jihar Mississippi ta Amurka ta fito da dokar tantance shekaru, kamfanin ya rufe manhajar ga mutanen jihar a Agustan 2025. Wannan ba ya nufin a guje shi, sai dai mutum ya san iya 'yancin da ya samu. Kuma kada ka buɗe Bluesky kana neman abokinka na Mastodon ka ce abin ya lalace. Ba sa ganin juna sai ta wata gada, irin Bridgy Fed, wadda sai mutum ya shiga da kansa.

Sai goge tsohon shafi cikin fushi. Kada ka yi. Idan ka kashe shafinka na X, bayan kwana 30 za a iya goge shi gaba ɗaya, sunan kuma wani zai iya ɗauka, ya sa hotonka, ya fara roƙon kuɗi wurin mutanen da suka san ka. Abin da ya fi shi ne ka fara neman kundin duk rubutunka daga saitin shafin, wanda yakan ɗauki kwana ɗaya ko fiye kafin ya fito, ka sauke ka adana. Daga nan ka rubuta sabon adireshinka a bayanin kanka, ka maƙala saƙo a sama, ka cire manhajar daga waya in jarabar leƙawa ta yi maka yawa. Shafin ya zauna yana nuna hanya.

Zaɓen sabar shi ne inda mutane suka kasu biyu, kuma duka ɓangarorin suna kuskure. Akwai waɗanda suke zama suna nazari har su gaji su fasa. Akwai kuma waɗanda suke faɗawa ta farko da suka gani, ido rufe. Na farkon su sani cewa ba auren zobe ba ne, ana iya canzawa. In ka rasa ta zaɓa, ka fara da babba irin mastodon.social, in ka gane gari ka matsa. Na biyun su ne suka fi shan wahala. Sabar da yawa mutum ɗaya ne yake riƙe da ita, da kuɗin aljihunsa, bayan ya taso daga aiki. In ya gaji, ko rayuwa ta juya masa, sai ya rufe. Hakan ya faru da mastodon.technology a ƙarshen 2022 da mastodon.lol a 2023, kuma duka biyun suna da dubban mutane. Waɗancan ma sun yi adalci, sun ba da sanarwa tun da wuri. Wasu ƙanana kawai wayar gari ake yi a ga ba su.

Don haka kafin ka yi rajista, ka buɗe shafin bayanin sabar ka karanta. Su wa ke kula da ita, mutum nawa ne, tun yaushe take, ina take samun kuɗi, me dokokinta suka hana. Akwai wani alƙawari da Mastodon ke nema daga sabar da yake tallatawa a shafinsa: a riƙa adana kwafin bayanai kullum, a samu aƙalla mutum na biyu da zai iya shiga in an samu matsala, a riƙa hukunta masu nuna wariya, kuma a ba mutane wa'adin wata uku kafin a rufe. Sabar da ba ta ce komai game da waɗannan ba, ka yi hattara da ita.

Ita kanta ƙaurar tana da tarko. Mabiyanka ne kawai suke bin ka, tsofaffin rubuce-rubucenka ba sa tafiya. Kuma akwai jeri: sai ka fara shiga sabon shafin ka shaida masa cewa tsohon naka ne, sannan ka koma tsohon ka ba da umarnin ƙaura. Jerin waɗanda kake bi, da waɗanda ka toshe, kai za ka sauke su a fayil ka ɗora a sabon wurin. Bayan ƙaura ɗaya sai ka jira kwana 30 kafin wata. Babban abin lura shi ne dole tsohuwar sabar ta kasance da rai lokacin da kake yin wannan. In ta mutu kafin ka motsa, mabiyan sun tafi ke nan. Saboda haka sauke wancan fayil ɗin lokaci zuwa lokaci ba ɓata lokaci ba ne.

Yanzu maganar "ba kowa". Mutum ya yi rajista, ya buɗe manhaja, ya ga fili fetal, ya ja allon ƙasa sau biyu, ba abin da ya fito, ya rufe. Abin da bai sani ba shi ne X ya saba masa da cusa masa abin kallo ko bai bi kowa ba. Mastodon ba ya yin haka. Abin da waɗanda kake bi suka rubuta shi kake gani, bi da bi, sabo a sama. In ba ka bin kowa, ba ka ganin komai. Maganin ba wuya: ka bi mutane da yawa tun ranar farko, fiye da yadda kake jin ya kamata, daga baya ka rage. Ka bi maudu'ai masu alamar # kamar yadda ake bin mutum, domin a can ana iya yin haka. Ka cika bayanin kanka, ka sa hoto, ka rubuta saƙon gabatarwa, don ba wanda ke bin shafin da babu komai a kansa. A Bluesky akwai jerin mutane da wasu suka haɗa bisa fanni, wanda za ka bi duka da latsawa ɗaya, akwai kuma zaurukan labarai da kai ne za ka zaɓi wanda kake so.

Wani abu da ke rikita sababbi: ka buɗe shafin wani da ke wata sabar ka ga kamar bai taɓa rubutu ba. Sabar taka tana nuna abin da ya iso gare ta ne kawai. Ka buɗe shafin a asalin sabar mutumin, za ka ga sauran.

Sirri kuwa, nan ne kuskuren yake iya cutarwa da gaske. Mutane suna jin "babu kamfani" sai su ɗauka "babu mai gani". Saƙon keɓe a Mastodon ba a kulle yake daga waya zuwa waya ba, masu kula da sabar taka da ta wanda ka aika wa suna da hanyar karanta shi in sun so. Akwai kuma wani abin kunya da ke yawan faruwa. Kana rubuta wa abokinka saƙon keɓe kana ƙorafi a kan wani, sai ka rubuta sunan mutumin da alamar @ a gaba. Shi ke nan, ka saka shi cikin hirar, saƙon ya isa gare shi har da sanarwa. A Mayun 2023 jami'an FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, sun kai samame gidan ɗaya daga masu kula da sabar kolektiva.social a kan wani batu daban, suka tafi da na'urorin da ke ɗauke da kwafin bayanan masu amfani da ita a buɗe. A Bluesky ma saƙon keɓe ba a kulle yake ba, rubutunka na kowa ne, kuma har jerin waɗanda ka toshe ana iya gani. Maganar da ba ka son ta fita, ka kai ta Signal, manhajar da ke kulle saƙo daga waya zuwa waya, ko makamancinta.

Masu zuwa da tunanin cewa nan za su faɗi duk abin da suka ga dama su ma suna shan mamaki. Kowace sabar tana da dokoki, wasu sun fi na manyan kamfanoni tsauri, kuma tana iya yanke hulɗa da wata sabar ɗungurungum. Da Gab, wani dandalin Amurka da ya yi ƙaurin suna wajen kalaman ƙiyayya, ya koma amfani da manhajar Mastodon a 2019, sabar da yawa suka toshe shi nan take. Abin da ya shafe ka a nan shi ne in ka sauka a sabar da ta yi ƙaurin suna, za ka yi ta rubutu ba ka san rabin jama'a ba sa ganin ka ba.

Sauran ƙanana ne, amma suna taruwa. Kada ka haɗa na'urar da za ta riƙa kwafo rubutunka daga X tana zubawa kai kuma ba ka leƙowa, mutane suna ganewa su daina bin ka. Ka riƙa rubuta bayanin hoto saboda makafi masu amfani da manhajar karanta allo, domin a can ana ɗaukar wannan da muhimmanci, wasu ba sa yaɗa hoton da ba shi da bayani. Kada ka nemi inda ake sayen alamar tantancewa: a Mastodon kana haɗa shafinka da gidan yanar gizonka ne, mahaɗar ta koma kore, a Bluesky kuma kana iya mayar da adireshin gidan yanar taka ya zama sunanka. In kuma Nostr ka zaɓa, wani tsarin na daban wanda ba kamfanin da ke riƙe da shafinka, ka san cewa babu "na manta kalmar sirri". Makullin sirri guda ne, wanda yake farawa da nsec. In ya ɓace shafin ya ɓace, in wani ya gani ya zama kai, kuma babu ofishin da za ka kai kuka.

Sai kuɗi. Mastodon ba ya sa talla, kuma sabar tana cin kuɗin haya da na ajiyar hotuna da bidiyo kowane wata. Galibin masu kula da su suna sanya mahaɗar gudummawa a shafin bayani, wasu har suna wallafa abin da suka kashe da abin da ya shigo. In ka yi wata biyu ko uku a wuri ka ga ya yi maka, ka duba wannan shafin ka sa abin da za ka iya.