Yadda ake haɗa tarihin badujalar makarantar sakandare da na iyayen da suka riƙe ta

A Amurka da wuya ka sami babbar makarantar sakandare da ba ta da 'yan badujala, masu busa da kiɗa a filin ƙwallo da faretin gari. Bayan yawancinsu akwai ƙungiyar iyaye. Su ke tara kuɗin yunifom da hayar bas, su dafa abincin tafiya, su ja tirelar kayan kiɗa zuwa gasa. Idan aka tashi rubuta tarihi, ɓangaren yara ba ya wuya, don kofuna suna kabad, hotuna suna bango. Ɓangaren iyaye ne ke salwanta, saboda takardunsa ba a makaranta suke ba, suna gidajen mutane. Iyaye kuma shekara huɗu suke yi, ɗansu ya gama, su tafi da abin da suka sani. Saboda haka daga can ya kamata a fara.

Takardun iyaye

A nemi waɗanda suka taɓa zama ma'aji ko sakatare kafin kowa. Abin da ake so a hannunsu shi ne littafin bayanan taro, littafin shige da ficen kuɗi, rasitai, da kundin dokokin ƙungiya tare da duk gyaran da aka yi masa. Littafin ma'aji ya fi kowace takarda faɗin gaskiya. Mutum zai iya manta shekarar da aka sayi sabon yunifom, amma ranar da aka biya kuɗin tana rubuce. Daga nan ne kuma ake gane yadda ake samun kuɗi a kowane zamani: sayar da lemo, wankin mota, rumfar abinci a filin wasa.

Ƙungiyar da ta yi rajista a matsayin wadda ba ta neman riba tana cike fom mai lamba 990 ga hukumar harajin Amurka duk shekara, kuma kowa na iya dubawa. A ciki akwai sunayen shugabanni da jimlar kuɗin shekara. Sai dai ƙungiyar da kuɗin shigarta bai wuce dala 50,000 ba, ɗan gajeren fom ne take cikewa wanda ba ya nuna lissafi. Ranar rajista kuma ba ita ce ranar kafuwa ba. Sau da yawa iyaye sun daɗe suna aiki kafin su yi rajista, wanda ya ɗauki wannan ranar zai yanke wa tarihin kai.

Duk abin da aka ara a rubuta shi a takarda biyu, mai kaya ya riƙe ɗaya, a mayar cikin mako biyu. Da zarar labari ya bazu cewa wance ta ba da hotuna ba a dawo mata da su ba, kowa zai rufe akwatinsa.

Jeren shekaru

A buɗe jadawali a kwamfuta, layi ɗaya ga kowace shekarar karatu, da gurbin malamin badujala, yawan yara, shugaban iyaye, gasar da aka shiga, babban abin da aka saya, sai gurbin ƙarshe na inda aka samo bayanin. Wannan gurbi na ƙarshe shi ne mutane ke ƙyuyar cikewa, shi ne kuma ke raba gardama daga baya.

Shekarar karatu tana farawa a Agusta ko Satumba ta ƙare a Mayu ko Yuni, don haka a riƙa rubuta 1978/79, ba 1979 kawai ba. Littafin hotuna da labarai da makaranta ke bugawa duk shekara, idan yana ɗauke da 1979 a bango, faretin kaka da ke ciki na 1978 ne. Ana kuma kai littafin maɗaba'a kafin ƙarshen zango, abin da ya faru a Mayu yakan faɗa littafin baɗi ko ya ɓace gaba ɗaya. Yawancin kurakuran shekara guda daga nan suke fitowa. Maganinsu jaridar gari, wadda ake samu a laburare. Kada wata rana ta shiga tarihi sai an gan ta a wuri biyu da ba su kwafi juna ba.

Sanin babban tarihin yana taimakawa wajen kama ƙari. An yi gasar badujalar makarantu ta ƙasa karon farko a Chicago a 1923, masu ƙera kayan busa ne suka ɗauki nauyinta, makarantar Fostoria ta jihar Ohio ta ci. Badujalar Joliet ta jihar Illinois, ƙarƙashin malaminta A. R. McAllister, ta ci a 1926 da 1927 da 1928. A waɗannan shekaru na ɗaya guda ɗaya ne a kowane rukunin gasa. A farkon shekarun 1930 aka sauya tsari, aka koma raba matsayi, ta yadda badujala da dama za su iya samun mataki na ɗaya a rana guda. To idan tsohon ɗalibi ya ce "mu muka zo na ɗaya a ƙasa", a duba shekarar a duba takardar shaidar. Ba ƙarya yake yi ba, amma ba lallai kofin zakara ne suka ɗauko ba.

Kayan kiɗan kansu shaida ne. Ƙahon ƙarfe yana da lamba a jikinsa, galibi kusa da maɓallai, sunan kamfani kuma a bakin ƙahon. Kamfanoni irin su Conn na garin Elkhart a jihar Indiana suna da jerin lambobi da ke nuna shekarar ƙira. Wannan shekarar ƙira ce kawai. Makarantu da yawa na hannu suka saya. A cikin rigar yunifom ma akan sami ƙyallen kamfanin ɗinki.

Hira da dattawa

A fara da mafi tsufa. Mutum ɗaya a lokaci guda, minti 45 zuwa awa ɗaya, a ɗaki marar fanka da talabijin, wayar da za ta naɗi murya a kan tebur kusa da bakinsa. Idan aka tara su biyar, mai babbar murya zai cinye hirar, sauran su bi shi da "haka ne". A farkon naɗin a faɗi rana da wuri da sunan mai magana, a kuma karɓi izininsa a rubuce.

Tambayar "ba mu labarin badujala" ba ta kawo komai sai yabo. A ajiye masa hoto a gabansa a tambaye shi wa ya tuƙa motar kaya ran nan, nawa kowane gida ya biya, wa ya ɗinke wandunan, me ya faru a shekarar da kuɗi bai isa ba. Don gano fuskoki, a yi kwafin hoton a takarda, a sa wa kowane kai lamba, mutum biyu su faɗi sunaye kowa daban. Inda suka saɓa a rubuta duka biyun.

Rigima tana cikin tarihin kowace ƙungiyar iyaye: saɓani da malami, ko kuɗin da ya yi ɓatan dabo. A rubuta abin da littafin taro ya nuna da matakin da aka ɗauka. Sunan gidan da ya kasa biya, ko yaron da aka kora, ba ya shiga.

Adana kaya

Hoto a yi masa sikanin a 600 dpi (ma'aunin kaifin hoto), takarda a 300, gaba da baya, don rubutun bayan hoto wani lokaci ya fi hoton amfani. Fayil na asali a ajiye shi a tsarin hoto na TIFF, na rabawa a tsarin JPEG. Sunan fayil ya fara da shekara, sai wata, sai rana, kamar 1984-10-13-gasa, kwamfuta za ta jera su da kanta. Ba a rubutu a bayan hoto da biro, tawada tana huda takarda. Fensir mai laushi ake sawa, a gefe. Salatif da gam da ƙarfen maƙala takarda duk suna barin tabo, leda mai zafi da ake lulluɓe takardar shaida da ita kuma ba ta ciruwa. Jarida tana da sinadarin da ke rina abin da ya taɓa ta, a ware ta daban. Kaset na murya da na bidiyo a juye su tun da wuri, amma wanda ya yi fumfuna kada a sa shi a na'ura, a kai wa masu gyara.

Makarantun Najeriya da Nijar da ke da 'yan badujala don fareti, irin na 1 ga Oktoba da 27 ga Mayu a Najeriya, za su iya bin wannan hanya, ƙungiyar iyaye da malamai da ta tsofaffin ɗalibai su ne ma'adanar. A can abokan gaba su ne gara da danshin damina, don haka akwatin ƙarfe a kan katako, nesa da bango.

Kwafi uku ake yi: ɗaya a makaranta, ɗaya a laburaren gari ko wurin tsofaffin ɗalibai, ɗaya a intanet. Asusun intanet ɗin ya kasance da sunan ƙungiya, mutum biyu su san kalmar sirri. A ƙara sashe a kundin dokoki cewa duk sakataren da zai sauka sai ya cike layin shekararsa a jadawali, ya miƙa akwatin a gaban taro tare da jerin abin da ke ciki.