Gwajin share fage a kwas ɗin intanet: inda ake ɓata shi

Na gaji da ganin sababbin masu koyarwa ta intanet suna faɗawa ramin da na taɓa faɗawa. Gwajin share fage 'yan tambayoyi ne da ake ba ɗalibi kafin darasin farko, don a san abin da ya zo da shi.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne haɗa makinsa da na satifiket. Na yi haka lokacin da nake horar da malaman firamare kan kwamfuta daga nan Birnin Kebbi, wasu na shigowa daga Argungu da Jega, wasu daga Yauri da Zuru. Na sanar cewa gwajin yana da maki. To, wa zai yarda a ga kasawarsa tun ranar farko? Wannan ya miƙa wa ɗansa waya, wancan ya tambayi Google. Sakamako ya fito kamar kowa gwani ne, ni kuma na tsallake darasin ajiye fayil. Sai a mako na uku wata malama ta kira ni, ta ce, "Malam, wallahi ban san inda aikina yake shiga ba in na kashe kwamfuta." Ashe ba ita kaɗai ba ce. Muka koma baya, kuɗin datar mutane ya tafi a banza, wasu suka ɗauke ƙafa ba su dawo ba. Har yau abin yana damuna. Yanzu a saman fom nake rubutawa da Hausa: wannan ba jarrabawa ba ce, babu ci babu faɗuwa. Kowace tambaya kuma ina sa mata "ban sani ba", domin in zaɓi 4 ne, mai canki-canka ma zai dace da kusan kashi 25 cikin 100.

Kuskure na biyu, barin Google Forms, manhajar da ake tsara fom ɗin gwajin da ita, ya nuna amsoshi da zarar an tura, sannan a maimaita tambayoyin nan a gwajin ƙarshe. Kafin la'asar hoton amsoshin ya zaga zauren WhatsApp. Ranar rufe kwas sai ka ga maki ya haura, ka rubuta rahoto cewa an ƙaru, alhali hadda aka yi. Haba jama'a! Ni kashe nuna amsa nake yi, kuma tun farko nake rubuta tambaya biyu a kan kowane batu, nauyinsu ɗaya, in ɓoye guda sai ƙarshe. Wasu abokan aikina sun fi son ɗalibi ya ga amsarsa nan take, ni dai ban bi su ba.

Akwai kuma masu tara amsoshi su ƙi ko buɗewa. Kun cinye wa mutane data da lokaci, me kuka canza a darasin? In mutum ya iya babin farko, a bar shi ya wuce zuwa na biyu.

Sauran ƙanana ne. Tambaya 10 ta isa. Kada a sa bidiyo, mai shigowa daga ƙauye sabis ba zai ja masa ba. Turanci mai nauyi harshe yake gwadawa, ba kwamfuta ba. Agogon minti 15 ma na cire shi, ina barin fom a buɗe kwana 2 saboda wanda wayarsa take wurin caji.