Ɗan Birtaniya, in za ka tare a Faransa fara da waɗannan

Tun bayan Brexit (ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai) ba a shiga Faransa a zauna haka kawai, in za ka wuce kwana 90 sai da bizar dogon zama, kuma kana sauka ka shiga intanet ka tabbatar da ita kafin wata 3, don Allah kar ka yi wasa da wannan. Maganar asibiti kuwa, in ka cika wata 3 ka yi rajista a CPAM (ofishin inshorar lafiya na gwamnatin Faransa) su ba ka carte Vitale (katin inshorar lafiya), masu fanshon gwamnatin Birtaniya su nemi fom S1 (takardar da ke sa Birtaniya ta ɗauki nauyin kuɗin lafiyarsu) tukun. Ba duka kuɗin asibitin da ka biya ake mayar maka ba fa, shi ya sa ake ƙarawa da inshorar mutuelle (ƙarin inshora mai cike giɓin). Wajen cika takardar haraji ka bayyana asusun bankinka na Ingila, in ka ɓoye, tarar Yuro 1,500 ce kan kowane asusu.