Kafin ka sayi fedal ɗin jita mai araha

Salamu alaikum 'yan uwa makaɗa jita. Fedal shi ne ɗan akwatin da ake takawa da ƙafa don canza sautin jita. In aljihu bai kai na kamfanin Boss ba, kada ka damu. Na kamfanonin Joyo, Mooer da Behringer suna biyan buƙata, sai dai yawancin na Behringer jikinsu roba ne, a taka a hankali.

Abin da ya fi damuna shi ne wuta. Galibin fedal bolt 9 suke sha, kuma tsakiyar bakin adaftarsu negatif ne. Ni na taɓa jona wa nawa adaftar na'urar intanet mai bolt 12, kafin in ankara sai warin ƙuna, shi ke nan ya tafi. Har yau abin yana min ciwo. Don Allah a karanta rubutun jikin adafta tukuna. Fedal mai sa sauti ya yi amsa-kuwwa kuwa yana zuƙe batir nan da nan, adafta ta fi masa.

In kasuwar Sabon Gari za ka sayen fedal, ɗauki jitarka da wayarta, ka murɗa kowane maɓalli ka ji ko yana ƙaraf-ƙaraf. Ƙurar hunturun Kano tana shiga ciki, a riƙa rufe su da ƙyalle bayan an gama kiɗa.