Idan Kwastoma Ya Turo Maka Fom Ɗin Hayaƙi, Ga Inda Za Ka Fara

Duk mai fitar da kaya waje, riɗi ne ko cittar Kachia ko fatar da ake jemewa a Challawa da Sharaɗa, ya san abin da ya shigo 'yan shekarun nan. Kwastoma na Turai sai ya turo imel da wani dogon fom, ka faɗa masa hayaƙi nawa, wato iskar kabon da ire-irenta masu ɗumama duniya, aka fitar kafin kayanka su iso hannunsa. Ranar da irinsa ya fara zuwa mana oga cewa ya yi in cika ko me ne mu tura, na ce ranka ya daɗe a ba ni sati biyu, don in suka turo mai bincike kunya za mu sha kuma cinikin ya tafi.

Tsarin lissafin hayaƙi da yawancinsu ke bi sunansa GHG Protocol, kashi uku ne, kowane kashi ana ce masa Scope. Scope 1 shi ne abin da ka ƙona da hannunka, gas ɗin janareta da man motocin kamfani. Scope 2 wutar NEPA da ka saya. Scope 3 kuma duk sauran, takin da manomi ya zuba, tirelar haya, jirgin ruwa, tun 2011 aka kasa shi gida 15. To hayaƙinka kai yana cikin Scope 3 ɗin kwastoman, shi ya sa ya dame ka.

Fara da rasit, wallahi nan ne aikin yake. Ka samu littafi ɗaya ka ajiye kusa da janareta, duk jarkar da aka zuba mai gadi ko injiniya ya rubuta rana da lita, kar a rubuta kuɗi kawai don farashi kullum canzawa yake. Mu namu rasit ɗin a cikin wata leda muka tsinto su, wasu mai ya jiƙa su har rubutun ya goge, sai da muka koma gidan mai suka duba nasu littafin. Lita ɗaya ta gas tana fitar da wajen kilo 2.7 na iskar kabon, fetur wajen 2.3. Kenan in janaretanka na shan lita 200 a sati, kilo 540 ne, a shekara ya kai tan 28. Wuta kuma yunit ɗin da mita ta ci za ka tara, sai ka tambayi kwastoman alƙaluman da ya yarda a ninka da su don a san kilo nawa ne na kabon.

Tirela ta fi ba da wahala tunda ba taka ba ce. Kano zuwa Apapa wajen kilomita 1,000 ne, ka zauna da direba a sha shayi ka tambaye shi lita nawa yake sha zuwa Legas da tan nawa ya ɗauko, in rabin lodin naka ne rabin hayaƙin ne naka. Daga nan ka haɗa duka ka raba da yawan tan ɗin da ka fitar a shekarar. Inda kintace ka yi, rubuta cewa kintace ne, sun fi yarda da haka.

Ragewa kuma yawanci kuɗinka ne ke dawowa aljihu. A cika kwantena taf, a nema wa mota lodin dawowa, a bar jirgin sama sai dole don hayaƙinsa ya ninka na ruwa sau da yawa. Ofis da fitilu a mayar da su sola, a daina tada ƙaton janareta saboda fanka biyu. Manoman da kake sayen kaya wajensu a nuna musu su riƙa binne yuriya daidai buƙata maimakon watsawa birjik, don takin da ya yi yawa yana sakin wata iska da ta fi kabon riƙe zafi sama da sau 250.

Tarayyar Turai ta riga ta ɗora kuɗin hayaƙi kan siminti, ƙarfe, alminiyam da taki da ake shigarwa ƙasashenta daga Janairun 2026, riɗi da fata ba sa ciki amma fom ɗin na zuwa duk da haka. Ka zaɓi shekara ɗaya ta zama ma'auni, duk Janairu ka sake lissafin ka tura musu tare da hoton rasit ɗin.