Taliya da nama a kwanon jariri: inda muke kuskure

A wani gidan suna a Birnin Kebbi na ga wata ƙanwata tana ba ɗanta mai wata takwas taliya. Ta dama ta da romo har ta yi laushi, yaron ya shanye tas, ita kuma ta tsince yankan naman nan biyu ta miƙa wa yayarsa. Na ce, "Ƙanwata, shi fa?" Ta ce, "Yaya, ai ba shi da haƙora, kuma duk amfanin naman ya sauka cikin romo."

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne yawa, kuma masu yinsa suna yi ne da kyakkyawar niyya. Abin da ke sauka cikin romo galibi ɗanɗano ne da kitse da gishiri. Sinadarin gina jiki da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini suna nan maƙale a tsokar. Jariri yana zuwa duniya da ajiyar sinadarin ƙarfe da ke kai shi wajen wata shida, daga nan ta fara ƙarewa, nonon uwa kuma, duk da falalarsa, ba shi da yawan wannan sinadari. A ƙiyasin masana a Amurka, yaro mai wata 7 zuwa 12 yana buƙatar miligiram 11 a rana, fiye da na babansa da ke buƙatar 8. Taliya kuwa garin alkama ce, aikinta ba da kuzari da cika ciki. To ga cikin nan ɗan ƙarami, na yaro mai kilo takwas bai fi cin kofi ɗaya ba. In taliya da romo suka cika shi, yaro ya ƙoshi, ya yi barci, uwa ta ji daɗi, jini kuma yana ja baya a hankali ba tare da kowa ya lura ba.

Gyaran ba ya buƙatar injin markaɗe. A dafa tsoka marar jijiya har ta yi lugub, a cire rabon yaro kafin a sa gishiri da yaji, a daka a turmi mai tsabta har ta koma kamar dambu, sannan a cakuɗa da taliyar da ɗan ruwan dahuwar. Cokali ɗaya ko biyu na dakakken nama ya fi ludayin romo. Hanta ta fi tsoka sinadarin ƙarfe, ga sauƙin murjewa, amma sau ɗaya a mako ya isa saboda yawan bitamin A da ke cikinta. Ranar da kuɗin nama bai samu ba, mu a Kebbi ba mu da uzuri: kifin Yawuri da na Argungu yana nan, ɗanye da busasshe, a tsince ƙaya da kyau a daka. Ƙwai dafaffe ma yana rufe gurbin, kuma batun nan na cewa ƙwai ko nama na koya wa yaro sata, magana ce kawai ta kakanni da ba ta da tushe.

Sai kuma 'yan uwa masu hali, da ke sayo abincin jarirai na kwalba ko na 'yar leda mai murfi daga manyan kantuna ko a yo musu tsaraba daga waje. Ana ganin hoton nama a jiki, sai a ɗauka an gama da batun gina jiki. A dokar Tarayyar Turai, in an ambaci nama a sunan abincin amma ba shi ne farko ba, kamar a ce "taliya da naman sa", kashi 8 cikin 100 na nauyin ya wadatar. In shi ne a farkon suna, kashi 10. Ki yi lissafi: kwalba mai giram 190, naman cikinta zai iya zama giram 15 kacal, wato kamar cokali ɗaya, sinadarin ƙarfen da ke ciki bai kai rabin miligiram ba. Sauran ruwa ne da tumatir da taliya da kayan lambu. Ba guba ba ce, kuma ranar tafiya, a ce daga Zuru za ki Sakkwato, tana da rana. Amma kuɗin kwalba ɗaya zai sayi hantar da za ta fi ta amfani nesa ba kusa ba. In za ki saya, juya bayan ki karanta: ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, don haka in ruwa ne a gaba, kin san abin da kika biya. Duba lambar NAFDAC, duba ranar ƙarewar wa'adi, duba daga wata nawa aka rubuta za a fara ba yaro. Murfin da ya kumbura, ko wanda bai yi 'yar ƙara ba lokacin buɗewa, a zubar.

Wani abin da na sha gani shi ne a riƙa ba yaro kai tsaye daga cikin kwalbar, cokali ya shiga baki ya koma ciki, sannan a rufe ragowar sai dare. Yawu ya riga ya kai ƙwayoyin cuta ciki. A ɗebi abin da zai ci a kwano daban. Ragowar tana son firij mai sanyi na gaske, a kuma cinye cikin lokacin da aka rubuta, galibi kwana ɗaya ko biyu. Da irin wutarmu da zafin bazara da ke haura digiri 40, ni dai ba na yarda da ajiya. Haka ma taliyar gida: dafaffiyar taliya ko shinkafa da ta wuce awa biyu a waje tana iya haifar da wata ƙwayar cuta mai fitar da dafin da ɗumame ba ya kashewa. Gudawar da ake ɗora wa haƙori, sau da yawa daga kwanon rana take.

Gishiri kuwa, yaro da bai kai shekara ba bai kamata ya wuce giram ɗaya a rana ba, ƙodarsa ba ta yi ƙwari ba. Dunƙulen magi mafi yawansa gishiri ne, haka garin ɗanɗanon da ke cikin ledar indomi. Ki ɗanɗana abincinsa ki ji lami, ki bar shi a haka, shi bai san wani ɗanɗano ba tukuna. Albasa da tumatir da ɗan manja ko man gyaɗa sun isa. Tumatir ɗin ma yana da wani aiki, bitamin C da ke cikinsa yana taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe, kamar yadda lemo da gwaiba ke yi. Shayi kuma akasin haka yake yi, don haka a daina kora wa yaro abinci da shi.

Akwai masu gaggawa, a fara taliya tun wata huɗu don wai nono ba ya isarsa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce nono zalla har wata shida, sannan a haɗa da abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye, abin da ya yi daidai da abin da muka sani a addini. Daga wata 6 zuwa 8, sau biyu ko uku a rana, a fara da cokali biyu zuwa uku. Daga wata 9, sau uku ko huɗu, wajen rabin kofi. Akwai kuma masu jinkiri, yaro ya kusa shekara har yanzu komai sai an tace ya zama ruwa. Abincin da ke zuba daga cokali kamar koko ya tsinke da yawa, a bar shi da kauri. Wajen wata tara a daina murjewa sumul, a kakkarya taliyar gajeru gajeru, ko ta kanti ce ko ta murji, ya koyi tauna da ɗauka da hannunsa. Dogon zaren taliya, da guntun tsire ko kilishi da iyaye maza ke miƙa wa yaro ya tsotsa da dare, su ne ke shaƙewa. A zaunar da shi tsaye, babba na kusa, kuma ban da ɗura.

In kin ja fatar idonsa ta ƙasa kin ga ta yi fari, ko tafin hannu ya koɗe, ko nauyi ya tsaya wata biyu a jere a katin awo, ko ƙafafu sun kumbura, wannan ya wuce gyaran tukunya. A kai shi asibiti mafi kusa a auna damtsensa, a duba jininsa. In igiyar awon ta nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, kuma a ranar ya kamata a fara magani.