Yadda ake ɗan gajeren bugun golf idan ƙwallo ta kwanta a mugun wuri

Masu koyon golf da dama sun tambaye ni yadda za su cilla ƙwallo kusa da rami idan ta faɗa kan busasshiyar ƙasa ko cikin ciyawa mai duhu, musamman da rani, lokacin da filayen Kano da Kaduna ke ƙeƙashewa. Ga matakan.

1. Ka duba inda ƙwallon ta kwanta kafin ka zaɓi sanda. Gargaɗi: kada ka danne ciyawar da ke bayanta ko ka tsige ta, domin doka ta 8.1 a dokokin golf ta hana gyara wurin, kuma hukuncin ƙarin bugu 2 ne a wasan ƙirga bugu.

2. A kan ƙasa mai tauri, ka ɗauki sandar ƙarfe (iron) mai lamba 9. Sandar yashi, wato wadda ake fitar da ƙwallo daga cikin yashi da ita, mai karkatar fuska digiri 56, tana da faɗin gindi, shi ya sa take yin tsalle daga ƙasa ta bugi tsakiyar ƙwallon. Ka bar sandar yashin sai cikin ciyawa mai duhu.

3. Ka tsaya ƙwallon tana kusa da ƙafarka ta baya, wato wadda ta fi nisa da ramin.

4. Ka jingina yawancin nauyinka a ƙafar gaba.

5. Ka tura hannuwanka su ɗan wuce ƙwallon.

6. Ka saukar da sandar ta taɓa ƙwallon kafin ƙasa. A nan aka fi kuskure: kada ka karya wuyan hannu don ɗaga ta sama, wannan aikin fuskar sandar ne.

7. A cikin ciyawa, ka ƙara riƙe sandar da ƙarfi, domin ciyawar tana murɗe ta.